Wane ne Bruce Campbell, kuma da me ya cancanci girmamawar masu son fina-finan ban tsoro?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na kalli fim ɗin Doctor Strange na biyu wanda ya fito a 2022, sai na ga wani dattijo mai sayar da abinci a bakin titi, an yi masa sihiri hannunsa ya riƙa dukan fuskarsa. Fitowar tasa ba ta wuce minti ɗaya ko biyu ba, amma na ga mutane suna ta zumuɗi a kansa kamar shi ne jarumin fim ɗin. Da na tambaya sai aka ce mini sunansa Bruce Campbell, wai sarkin fina-finan B. Mene ne fim ɗin B? In kuma fina-finansa na ƙananan kuɗi ne, me ya kawo wannan girmamawa?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Na ji daɗin tambayarka, domin ta taɓo mutumin da na shafe shekaru ina bin aikinsa, tun zamanin da sai a kaset na bidiyo ake samun fina-finansa, hoton ma duk ya dusashe saboda yawan kwafi. Abin da zan ce maka tun farko shi ne, abin da manyan kamfanoni suke saye da miliyoyin daloli don su tsorata mai kallo ko su ba shi dariya, Campbell da jikinsa da fuskarsa yake samar da shi, kuma ya yi fiye da shekara arba'in yana wannan aiki ba tare da ya raina shi ko ya raina masu kallonsa ba. Dukan nan da ka ga hannunsa yana yi masa yana da tarihi wanda ya faro tun 1987, kuma zan zo kansa. Amma bari mu fara da harafin da ya ɗaure maka kai.

A shekarun 1930, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe jama'a suka rage zuwa kallo, masu gidajen sinima sun ɓullo da dabarar nuna fim biyu a kan tikiti ɗaya. Ɗaya shi ne babban fim mai fitattun taurari, wanda ake kira A, ɗayan kuma gajere ne da aka yi cikin 'yan makonni da kuɗi kaɗan, shi ne B. Wannan tsari ya mutu a shekarun 1950, bayan hukuncin kotun ƙolin Amurka na 1948 da ya raba manyan kamfanonin fim da gidajen sinimarsu, ga kuma talabijin ya shigo gidaje. Sunan dai bai mutu ba, sai ya koma kan duk fim ɗin da aka yi da ƙaramin kasafi a wajen manyan kamfanoni, musamman na dodanni da fatalwa da halittun sararin samaniya. Saboda haka harafin B a kan aljihun masu fim yake magana, ba ya yanke hukunci a kan gwanintarsu. Ban musa ba cewa akwai tarkace da yawa a cikin irin waɗannan fina-finai, amma akwai 'yan ƙalilan da suke samun magoya baya 'yan ga-ni-kashe-ni, waɗanda za su kalli fim ɗaya sau ashirin, su haddace maganganunsa, su yi doguwar tafiya don kawai su gaisa da wanda ya fito a ciki. Campbell yana cikin waɗanda suka fi kowa irin waɗannan masoya.

An haife shi ranar 22 ga Yuni, 1958, a garin Royal Oak da ke kusa da Detroit a jihar Mishigan, nesa ƙwarai da Holiwud. Mahaifinsa ma'aikacin kamfanin talla ne da yake wasan kwaikwayo na sha'awa a wata ƙungiyar unguwa, a can yaron ya fara ganin yadda ake hawa dandamali. A makarantar sakandare ta Groves ya haɗu da Sam Raimi, wato daraktan fim ɗin nan da ka kalla, suka shiga yin gajerun fina-finai da ƙaramar kyamarar gida mai suna Super 8 tare da abokansu. Abin da nake so ka riƙe a nan, domin shi ne mabuɗin duk aikin Campbell, shi ne cewa barkwanci waɗannan yara suke yi, irin na faɗuwa da mari da tsokale ido, suna kwaikwayon wasu tsofaffin 'yan barkwanci uku na Amurka da ake kira Three Stooges. Tun yana ɗan makaranta ya koyi yadda ake faɗuwa ƙasa ba a karye ba, da yadda ake karɓar duka a nuna wa kyamara zafinsa, da yadda ake jinkirta motsi na daƙiƙa guda don dariya ta fashe daidai inda ake so.

Lissafin kasuwa ne ya kai su ga fim ɗin ban tsoro. Su biyun tare da abokinsu Robert Tapert sun lura cewa fim ɗin tsoro ba ya bukatar fitaccen tauraro kafin ya mayar da kuɗinsa. A 1978 suka yi wani gajeren fim na kusan rabin sa'a mai suna Within the Woods da dala 1,600, suka riƙa yawo da shi suna haska wa likitocin haƙori da lauyoyi da 'yan kasuwar Detroit a falukansu, suna roƙon su sa hannun jari. Da abin da suka tara suka tafi wani ɗan gidan katako da aka daɗe da ƙaurace wa a dajin kusa da Morristown a jihar Tenesi, a ƙarshen 1979, Campbell yana da shekara 21, Raimi kuma 20. Fim ɗin da suka yi a can shi ne The Evil Dead, kuma duk abin da aka kashe masa har aka gama bai kai dala 400,000 ba.

Labarinsa gajere ne. Ɗalibai biyar sun je hutu a gidan daji, suka tarar da wani tsohon littafin tsafi da rakoda a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, suka kunna rakodar, muryar da ke ciki ta karanto kalmomin da suka tashi miyagun aljanu, aljanun suka riƙa shiga jikinsu ɗaya bayan ɗaya. Wahalar da aka sha wajen ɗaukarsa kuwa ta fi labarin tsawo. Gidan ba shi da ruwan famfo, sanyin hunturu ya yi tsanani har sai da suka ƙona kujerun gidan don jin ɗumi, aikin da aka shirya gamawa cikin mako shida ya kusa ninka haka. Jinin ƙarya da suke amfani da shi ruwan zaƙin masara ne mai kauri da aka haɗa da kala, yana bushewa a jiki kamar ƙaro, Campbell kuma kullum a jiƙe yake da shi. Da ya gurɗe a idon sawu, Raimi ya riƙa zungurar wurin da sanda kafin a kunna kyamara don zafin ya fito a fuskarsa. Da lokaci ya ja, sauran 'yan wasan suka koma gida, sai aka riƙa sa wa 'yan'uwa da abokai gashin kanti da fenti ana ɗaukarsu ta baya a madadinsu. Campbell bai tafi ba, domin shi ma yana cikin masu fim ɗin: yana wasa, yana ɗaukar kaya, daga baya ma filin danginsa da ke arewacin Mishigan aka jinginar don a sami kuɗin kammalawa.

Zan faɗa maka gaskiya, wasansa a wannan fim na farko ɗanye ne. Ash, wato sunan da ya fito da shi, saurayi ne mai sanyin jiki wanda tsoro yake daskarar da shi yayin da ake kashe abokansa, kuma a rabin farko kana iya ganin Campbell bai san inda zai ajiye hannuwansa ba. Amma a kashi na ƙarshe, lokacin da kowa ya mutu ya rage shi kaɗai a gidan, sai wani abu ya bayyana. Babu wanda zai yi wa magana, babu dodo a gabansa, sai agogo da madubi da ƙofofi da motsin iska, duk da haka idonka ba ya barin fuskarsa. A nan aka fara gane cewa wannan yaro yana iya riƙe fim shi kaɗai a ɗaki.

An fara nuna fim ɗin a sinimar Redford ta Detroit a watan Oktoban 1981. A shekarar da ta biyo baya aka kai shi bikin baje kolin fina-finai na Cannes a Faransa, inda marubucin labaran tsoro Stephen King ya gan shi ya yaba masa a rubuce, wannan yabo ne kuma ya buɗe masa ƙofar kasuwa. A Birtaniya ya shiga cikin kaset ɗin da aka fi nema a 1983, ya kuma shiga jerin fina-finan da hukuma ta riƙa ƙwacewa daga shaguna saboda yawan jini. Kaset ne ya kai shi ko'ina a duniya, har ƙasar Gana, inda masu gidajen kallo suke sa a zana musu fastocin talla da hannu a kan buhunan fulawa, kuma cikin waɗanda suka rage har yau akwai na fina-finan Evil Dead. Wajibi ne in yi maka gargaɗi a nan: fim ɗin yana da zubar da jini mai tayar da zuciya, akwai kuma wani wuri na cin zarafin mace a daji wanda Raimi da kansa ya ce daga baya ya yi nadamar yadda ya ɗauke shi. Ni ma ina ganin wurin aibi ne a jikin fim ɗin, kuma ba abin kallo ba ne a gaban yara ko iyali.

Bayan wannan nasara, kowa zai zaci hanya ta buɗe. Sai ga shi a fim ɗin Raimi na gaba, Crimewave na 1985, kamfanin da ya ba da kuɗi ya ƙi yarda Campbell ya zama jarumi, aka ba wani, shi kuma aka ba shi ƙaramin matsayi. Fim ɗin ya faɗi warwas. Wannan faɗuwa ce ta mayar da su gidan daji, da taimakon Stephen King wanda ya yi musu magana wajen furodusa Dino De Laurentiis, suka yi Evil Dead II a garin Wadesboro na Karolina ta Arewa, inda suka gina cikin gidan a zauren wasanni na wata makaranta. Ya fito a 1987, kuma in kana son sanin dalilin da ya sa ake girmama Campbell, to a nan amsar take.

A rabin farko na wannan fim, kusan duk tsawonsa Campbell shi kaɗai ne a gaban kyamara. Aljani ya shiga hannunsa na dama, hannun ya zama maƙiyinsa. Ka tsaya ka yi tunanin abin da ake nema daga ɗan wasa a nan. Dole ya raba jikinsa gida biyu, hannu ɗaya ya zama mugu mai wayo da ƙeta, sauran jikin ya zama wanda ake zalunta, kuma dole mai kallo ya yarda cewa fuskar ba ta san abin da hannun zai yi ba sai ya yi. Hannun ya riƙa ɗaukar faranti yana fasa masa a ka ɗaya bayan ɗaya, ya naushe shi a ciki, ya cafki gashin kansa ya wuntsila shi a sama ya fyaɗa da ƙasa. Babu kwamfuta a wannan aiki, kuma shi da kansa ya yi wuntsilawar. Da ya suma, sai yatsun suka riƙa kafewa a katakon daɓe suna jan dukan jikin zuwa wajen wata wuƙar nama, jikin yana kwance kamar gawa, yatsun kuma suna da rai da niyya. Na sha mayar da wannan wuri baya ina kallonsa a hankali, kuma abin da yake burge ni kullum shi ne idanunsa: suna makara da ɗan ƙanƙanin lokaci a bayan hannun, kamar yadda idon mutum yake makara in wani ne ya kawo masa mari. Wannan 'yar makara ita ce take sa ka yarda da abin da kake gani, kuma ba a samunta sai da doguwar horaswa, irin wadda ya samu tun zamanin Super 8.

Akwai wani wuri kuma bayan ya datse hannun da zarto mai inji. Ya zauna a kujera ta karye da shi, sai kan barewa da aka kafe a bango ya juyo ya fashe da dariya, fitila ta kama, littattafai da agogo suka kama, duk ɗakin ya ɗauka. Ash ya tsaya yana kallo, sannan shi ma ya shiga dariyar, yana durƙusawa yana miƙewa tare da fitilar, har dariyar ta rikiɗe ta koma kururuwar mutumin da hankalinsa yake barinsa. Mai kallo yana dariya tare da shi, can sai ya ji dariyar ta maƙale masa a wuya. Haɗa tsoro da dariya a numfashi ɗaya yana cikin abubuwan da suka fi wuya a sana'ar fim, domin in dariya ta yi yawa tsoro ya gudu, in tsoro ya yi yawa dariya ta zama rashin imani. Campbell yana iya tsayawa a tsakiyar nan saboda bai taɓa nuna wa mai kallo cewa ya san abin dariya yake yi ba. A wurin Ash azabar gaskiya ce. Shi ya sa masana fim suke kwatanta shi da Buster Keaton na zamanin fina-finan da ba su da murya, kuma a ganina kwatancin bai yi yawa ba. A ƙarshen fim ɗin ya ɗaura zarton a dungulmin hannunsa, ya riƙe bindiga mai baki biyu a ɗayan, wannan siffa kuma ita ce masoyansa suke sawa a riguna har gobe.

To me ya hana shi zama babban tauraro? Ga tsawo, ga kyan fuska, ga haɓar nan tasa mai faɗi wadda ta zama tambarinsa. An gwada, abin bai yiwu ba. A Darkman na 1990 Raimi ya so shi, kamfanin Universal ya ƙi, aka ɗauki Liam Neeson, Campbell ya fito a hoton ƙarshe kawai. Army of Darkness, na uku a jerin Evil Dead, shi ne babbar damarsa. An kashe masa wajen dala miliyan 11, aka jefa Ash Ingila ta shekarar 1300 yana yaƙi da rundunar ƙwarangwal, Campbell ya fito a matsayin jarumi da kuma bos ɗin da ya tsiro daga kafaɗarsa. Rigimar da ke tsakanin De Laurentiis da Universal a kan wani fim dabam ta jinkirta fitowarsa, kamfanin ya rage tsawonsa ya kuma sauya ƙarshensa, da ya fito a Amurka a watan Fabrairun 1993 bai yi kasuwa ba. A shekarar ce kuma ya sami jagorancin shirin talabijin na kaboyi, The Adventures of Brisco County, Jr., wanda masu sharhi suka yaba, amma tashar Fox ta dakatar da shi bayan kashi 27.

Ana yawan cewa rashin sa'a ne, kuma akwai rashin sa'a a ciki. Ni dai ina ganin akwai wani dalili a cikin wasan nasa kansa. Jarumin manyan fina-finai ana so ya zama wanda mai kallo zai so ya zama shi. Campbell kuwa gwanintarsa ita ce fito da mutum mai siffar jarumi da halin wawa: mai cika baki, mai son kansa, wanda za a ba shi kalmomi uku ya haddace don ceton duniya ya manta na ukun, ya yi tari a wurinta yana fatan aljanu ba za su lura ba. A Army of Darkness duk bala'in da ya sauka wa mutane shi ya jawo shi. Irin wannan jarumi yana yi wa jarumtaka kanta dariya, kamfanonin da suke zuba miliyoyi kuwa ba sa son a taɓa abin da suke sayarwa. Abin da ya rufe masa babbar ƙofa shi ne ya sa waɗanda suka gano shi a kaset suka riƙe shi da hannu biyu, har fim ɗin da ya faɗi a sinima ya riƙa fitowa a faifai iri-iri shekara da shekaru.

Shekarun 1990 ya yi su ne a matsayin ma'aikaci mai neman na kansa. Bayan Maniac Cop na 1988, ya fito a na biyunsa a 1990, ya yi ƙananan fitowa a Congo da Escape from L.A., ya je Niyu Zilan ya zama Autolycus sarkin ɓarayi a shirye-shiryen Hercules da Xena, inda ya ba da umarni a wasu kashi. Cikin fina-finan da ya yi a wannan tsakani akwai waɗanda ba zan ce ka ɓata lokacinka a kansu ba, haka ma biyun da ya ba da umarni daga baya, Man with the Screaming Brain da aka ɗauka a Bulgeriya da My Name Is Bruce, ba su kai ƙarfin aikinsa da Raimi ba. Abin da ban taɓa gani ba dai shi ne fim ɗin da ya shiga yana wasa da ƙyuya don ya raina shi.

Aikin da na fi so a duk rayuwarsa shi ne Bubba Ho-Tep na 2002, wanda Don Coscarelli ya ba da umarni daga wani labarin Joe R. Lansdale. In aka faɗa maka labarin za ka ɗauka shirme ne. Wai mawaƙi Elvis Presley bai mutu a 1977 ba, ya gaji da shahara ne ya yi musanyen rayuwa da wani mai kwaikwayonsa, takardar yarjejeniyar ta ƙone, yanzu ga shi tsoho a gidan kula da tsofaffi a gabashin Teksas, babu wanda ya yarda shi ne. Abokinsa ɗaya tilo wani dattijo ne baƙar fata da ya haƙiƙance shi ne tsohon shugaban Amurka John Kennedy. Sai wata busasshiyar gawa ta zamanin Fir'aunan Masar ta riƙa shigowa da dare tana zuƙe rayukan tsofaffin, domin ta san mutuwar tsoho a irin wannan gida ba ta sa kowa tambaya. Wanda ya fito a Kennedy shi ne Ossie Davis, babban ɗan wasa kuma ɗan gwagwarmayar 'yancin baƙaƙen fata, mutumin da ya yi jawabin ta'aziyya a jana'izar Malcolm X a 1965, kuma ya ɗauki matsayin da cikakkiyar natsuwa.

Campbell yana da shekara arba'in da 'yan kai a lokacin, ya fito a tsoho mai kusan saba'in, da karyayyen ƙugu da abin dogarawa mai ƙafa huɗu. Mutumin da aka sani da tsalle da faɗuwa, an kwantar da shi a gado, an ƙwace masa makamin da ya fi iyawa, sai ya koma wasa da murya da ido. Akwai wurin da abokin ɗakinsa ya rasu, 'yar mamacin ta zo kwashe kaya, ta jefa hotunansa da lambar yabonsa ta soja a kwandon shara, Elvis yana kwance yana kallo, ya roƙi a bar masa su, yana tunanin tasa 'yar da bai rena ba. Duk wanda ya taɓa jinyar tsoho, ko ya ga yadda ake yi wa dattijo magana kamar yaro don ƙarfinsa ya ƙare, zai ji wannan wuri a ƙirjinsa. Babu waƙar Elvis ko ɗaya a fim ɗin saboda kuɗin izininta ya fi ƙarfin kasafinsu, don haka duk Elvis ɗin da kake gani daga jikin Campbell yake fitowa. Dodon ma ba shi ne abin tsoron ba sosai. Abin da yake tayar da hankali shi ne mutum ya tsufa a manta da shi, kuma lokacin da tsofaffin nan biyu suka shirya, ɗaya a keken guragu ɗaya da abin dogarawa, suka fita tsakar dare don su kare maƙwabtansu, ban ga jarumtakar da ta fi wannan taɓa ni a manyan fina-finai ba. Akwai kalaman batsa a cikinsa, ka sani tun yanzu.

Yadda aka sayar da wannan fim ma yana nuna maka irin mutumin. Babu babban kamfani a bayansa, sai aka riƙa kai shi gari-gari, Campbell yana bin sa yana tsayawa a gaban 'yan kallo yana amsa tambayoyi. Haka ya yi da littafin tarihin rayuwarsa na 2001, If Chins Could Kill, wanda a jikin bangonsa ya kira kansa ɗan wasan fina-finan B, ya kuma cika shi da bayanin yadda ake neman jari, da yadda ake haɗa jinin ƙarya, da yadda ɗan wasa yake rayuwa hannu baka hannu ƙwarya tsakanin aiki da aiki. Littafin ya shiga jerin waɗanda aka fi saye na jaridar New York Times. Matasa da yawa da suka shiga harkar fim da ƙaramin jari daga wannan littafi suka fara gane cewa abin mai yiwuwa ne. Shi kansa ya bar Los Angeles ya koma ƙauye a jihar Oregon, daga can yake fita aiki da tarukan masoya.

Kwanciyar hankali ta fuskar kuɗi ta zo masa a makare, da shirin Burn Notice wanda ya gudana daga 2007 zuwa 2013, kashi 111, inda ya fito a Sam Axe, tsohon sojan ruwa. Sannan a 2015, yana da shekara 57, ya sake ɗaura zarton a shirin Ash vs Evil Dead na tashar Starz. Ya fito da Ash yadda shekaru suka mayar da shi, da tumbi da haƙoran roba da rinannen gashi, yana zaune a ɗan gidan da ake ja da mota yana aikin kanti, bai koyi komai ba cikin shekara talatin. Ellen Sandweiss, wadda ta fito a 'yar'uwarsa a fim ɗin farko, ta dawo a zango na biyu. Da aka dakatar da shirin a 2018 bayan kashi 30, ya sanar cewa ya ajiye Ash, domin jiki ba ya ɗaukar dukan da yake ɗauka a da, ko da yake ya ci gaba da zama cikin furodusoshin sababbin fina-finan Evil Dead, har da na 2023.

Yanzu ka dawo kan mai sayar da abincin nan. Raimi ya saba sa abokinsa a fina-finansa: a Spider-Man na 2002 shi ne mai sanarwa a filin kokawa wanda ya raɗa wa jarumin suna, a na 2004 shi ne mai tsaron ƙofar gidan wasa da ya hana shi shiga, a na 2007 shi ne shugaban masu hidima a gidan abinci. A fim ɗin da ka kalla kuwa, Raimi ya sa hannun Campbell ya juya masa baya kamar yadda ya yi a 1987, a cikin fim ɗin da kasafinsa ya ninka na The Evil Dead sau ɗaruruwa. Masu zumuɗin da ka gani suna kallon abokai biyu ne da suka fara da kyamarar gida a Mishigan, ɗaya yana bayan kyamara yana ba da umarnin duka, ɗaya yana gabanta yana karɓa, bayan fiye da shekara arba'in.

In za ka fara kallon aikinsa, shawarata ka fara da Evil Dead II, domin mintunansa na farko suna maimaita abin da ya faru a na ɗaya, ba ka bukatar ka riga ka gan shi. Daga nan ka wuce Army of Darkness, wanda shi ne mafi sauƙin jini a cikinsu, amma ka lura akwai iri-irinsa a kasuwa, biyu ne aka fi sani: na sinima mai minti 81, wanda Ash yake komawa kantin da yake aiki, da na darakta mai minti 96, wanda ya yi kuskuren ƙirga ɗigon maganin barci ya farka bayan duniya ta rushe. Campbell ya fi son na biyun saboda ya fi dacewa da halin Ash, ni ma haka. Ka ajiye Bubba Ho-Tep sai ka ga waɗannan biyun, don ka san irin jikin da aka kwantar a gadon nan.